Harbi a Agogo, Asara a Zango



Cinikin shanu a Ghana bisa amana yake tafiya. Falke ya kawo dabba, maigida ya sauke shi, dillali ya daidaita ciniki, mahauci ya ɗauka bashi, sai ya sayar da nama ya biya. Haka muka gada, tun daga Paga zuwa mayankar Kumasi har Tulaku. Dokar da ta taɓa ɗayansu ta taɓa su duka.

Iyayenmu sun gani a 1969, da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fice: fatake suka watse, basussuka suka nutse. Mu ma mun gani a Agogo, inda bayan hukuncin babbar kotun Kumasi na 2012 aka ci gaba da tura sojoji da 'yan sanda suna korar garkuna, suna harbin shanu.

Manomin da aka cinye wa gona yana da haƙƙi. Ko a fiƙihu, ɓarnar dare mai dabba ke biya. Amma saniyar da aka harbe ba ta biya manomi ba. Ta karya makiyayi, ta ƙara wa nama tsada a tukunyar talaka.

Ghana tana cikin ƙa'idar ECOWAS ta 1998 kan ƙetare iyaka da dabbobi. To, a shata burtali da mashaya a dokance, a yi wa garkuna rajista, mai ɓarna ya biya diyya. Kuma kafin a zartar, a zauna da sarakunan Zango da na fawa.

Allah Ya sa mu dace.