Liyarin Kaka Ba Na Sikeli Ba Ne

A wani shirina na daren Alhamis, wata dattijuwa ta bugo waya daga wani ƙauye da ke bakin kogin Atbara, ba nisa da nan Shuwak. Ta ce, "Ɗana, tambaya gare ni." Na ce, "Bismillah Inna, muna jin ki." Ashe wani gwangwanin alawa ne ta gada wajen kakarta, cike da tsofaffin kuɗi. Jikanta ya ɗauka ya kai wa wani maƙerin azurfa a kasuwar Gadarif, aka zuba a sikeli, aka biya shi kuɗin nauyi. Ita ba kuka ta kawo ba. So take ta ji ko farashin da aka ba yaron ya yi daidai, ko an cuce su. Na amsa mata da abin da ya sawwaƙa, amma har na rufe shirin raina a ɓace yake, domin ba ta san cutar da aka yi mata ta wuce ta farashi ba.

Bayan kwana biyu na je gidanta. Ta zazzage mini abin da ya saura a kan tabarma, wato waɗanda maƙerin ya ƙi saye don ya ce jan ƙarfe ne. A ciki akwai anini mai huda a tsakiya, akwai kuma wani riyal da ya yi duhu, an buga masa kalmar "maƙbul" da sunan Umdurman.

To, jama'a, a tsaya a dubi wannan riyal. Bayan faɗuwar Khartum a 1885, Mahadi ya sa aka buga kuɗin daularsa, na zinariya da na azurfa. Da ya rasu a cikin shekarar, Halifa Abdullahi ya ci gaba da bugawa a Umdurman. Yaƙi ya yi yawa, baitulmali ya rame, sai aka riƙa rage azurfar ana ƙara jan ƙarfe, har riyal ya koma jan ƙarfe da ɗan shafen azurfa. 'Yan kasuwa suka riƙa noƙewa, hukuma tana tilasta musu karɓa. Ka ga ke nan rashin azurfar da ya sa maƙeri ya tura shi gefe, shi ne labarin da yake ɗauke da shi: labarin daular da talauci ya ci ta tun kafin turawa su gama da ita a Karari a 1898. Sikeli ba ya karanta irin wannan.

Aninin kuwa ba kuɗin Sudan ba ne ko kaɗan. Turawan Ingila ne suka buga shi don Nijeriya da sauran ƙasashensu na Afirka ta Yamma tun farkon ƙarni na ashirin, da tauraro a jikinsa da rubutun Larabci. Ba a taɓa sayen ko gyaɗa da shi a Gadarif ba. Me ya kawo shi bakin Atbara? Aljihun wani ne, ko bakin zanen wata, daga cikin dubban da suka taso a ƙasa daga Kano da Sakkwato da Katsina da Damagaram da niyyar aikin hajji, suka ratsa Borno da Wadai da Darfur, suna tafe suna noma suna ƙwadago. Wasu sun kai Sawakin sun haye teku, wasu sun yada zango, zangon ya zama gida. Wasu kuma hijira ce ta kawo su bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada, ɗansa Muhammadu Bello ya ja ragowar jama'a har suka kafa Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu.

Mu Hausawan Sudan mun fi kowa sanin zafin tambayar nan ta "yaushe kuka zo?" Mun ji ta a 2008 lokacin da Gadarif da Kasala suka hargitse, mun sake jin ta da jini a rikicin jihar Shuɗin Nilu a 2022. Ban ce kwabo ɗaya zai zama takardar shaidar ɗan ƙasa ba. Amma kwabo da aka rubuta a gefensa wanda ya riƙe shi, da garin da ya taso, da wadda ta gada daga wa, shaida ce da ba ta da baki balle a ce ta yi ƙarya. Mu da ake yi wa gori da baƙunta, mu ne kuma muke kai shaidarmu a narke a yi ɗan kunne.

Waɗanda aka narkar ɗin, daga kwatancen da Inna ta yi, liyari ne, mai hoton wata mata a fuska ɗaya da tsuntsu mai kai biyu a ɗaya fuskar. Matar ita ce Mariya Tariza, sarauniyar Ostiriya. A nan ma akwai yaudarar da ya kamata a sani. Kusan kowane liyari da za ka gani yana ɗauke da shekarar 1780, shekarar da ta mutu, domin an ci gaba da buga shi da wannan shekara har bayan ƙarni biyu, a Biyana, da Landan, da Rum, da Faris, har da Bombay. Nauyinsa wajen giram 28 ne, kashi biyar cikin shida azurfa. Don haka dillalin da ya ce maka liyarinsa ya shekara ɗari biyu da arba'in saboda lambar da ke jiki, ko bai sani ba ko yana neman aljihunka. Darajar liyarin gidanku tana cikin hanyar da ya biyo: sadakin wace ce, a wuyan wa ya rataya, rabon gadon wa ya shiga.

Na san abin da za a ce mini, an ma riga an faɗa a wayar shirin. Wai ni mai albashi ne, ban san yunwa ba. Tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023, jihar nan ta cika da waɗanda suka gudo daga Khartum, sannan daga Wad Madani, sannan daga Sinja, gidan da ke ciyar da mutum takwas ya koma ciyar da ashirin. Gaskiya ne. Uwar da ta sayar da liyari don ta sayi dawa ko maganin zazzaɓi, ba ni da bakin zarginta, kuma duk wanda ya zarge ta bai san Allah ba. Da wa nake? Da jikan nan mai wayar da ta fi kuɗin buhun dawa biyu, wanda ke ɗaukar hoton kofin shayinsa ya sa a Facebook, amma bai iya ɗaukar hoton gaba da bayan kuɗin kakarsa kafin ya miƙa ba. Minti goma ne. Da ya yi, da azurfar ta tafi amma bayanin ya zauna. Ina kuma da dillalan da ke bin gidajen 'yan gudun hijira, sun san abin da suke saye, suna biyan kuɗin nauyi, suna fitar da kayan ta kan iyaka.

Akwai kuma 'yan bokonmu masu cewa a tattara a kai gidan tarihi, nan ne wurinsu. Wane gidan? Babban gidan tarihi na ƙasa da aka buɗe a Khartum a 1971 ya faɗa hannun dakarun RSF tun farkon yaƙin, kuma da sojoji suka karɓe shi a watan Maris na 2025 an tarar an fasa ɗakin ajiya an kwashe zinariyar sarakunan Kush. Gidan Halifa a Umdurman bai tsira ba, na Nyala bai tsira ba. Wani kuma zai ce to a kai Turai. A 2023 ɗin nan dai gidan tarihin Birtaniya da ke Landan ya fito ya amsa cewa kaya kusan 2,000 sun ɓace ko sun lalace a hannunsa, kuma da yawansu ba a taɓa rubuta su yadda ya kamata ba. Abin da ba a rubuta ba, ko a Landan yake, ɓatacce ne. Ba ina cewa a yi watsi da hukumar kayan tarihi ba. Abin da aka tono daga ƙasa, dokar 1999 ta ce na ƙasa ne, kuma masu yawo da injin neman zinariya a Butana suna birkice tsofaffin kufai ba su da wata hujja. Amma kayan gado na cikin ɗaki, mai shi ne gidan tarihinsa na farko.

Sai masu son gyara, waɗanda ɓarnarsu ta fi ba ni haushi don da kyakkyawar niyya suke yi. Mutum zai samo lemun tsami da toka da yashi, ko man goge baki, ya dirje riyal har ya yi ƙyalli, ya kawo yana murmushi. Ya kankare rubutun, ya cire duhun da ya kare ƙarfen shekara ɗari. Kada a wanke. A riƙe ta gefe, domin gumin yatsa yana cin ƙarfe. Kowanne a ba shi 'yar ambulan ta takarda shi kaɗai, kada a haɗa azurfa da jan ƙarfe suna gogar juna. A guji leda mai laushi, tana yin wani kore mai danƙo a jikin kuɗi. Damina a nan kowa ya san ta, daga Yuni zuwa Oktoba bango har gumi yake, don haka a ɗaga akwatin daga ƙasa, a jefa 'yan ƙunshin nan masu tsotse laima da ke zuwa cikin kwalin takalmi ko na magani. In aka ga koren gari mai kama da hoda a jikin na jan ƙarfe, a ware shi nan take, ciwo ne mai ci, kuma laima ce abincinsa.

Nunawa kuma ba sai da gilashi da fitila ba. Makaranta ɗaya, rana ɗaya a shekara, tebur da farin ƙyalle, mai kaya yana zaune kusa da kayansa yana ba yara labari, da yamma ya koma da abinsa gida. Hotuna su ne za su zauna a bango. Kuma don Allah kada a sa sunan gida ko unguwa a intanet, lokacin bai dace ba.

Na saya wa Inna littafin rubutu mai shafi arba'in. Muka zauna har la'asar, tana faɗa ina rubutawa. Sunan kakar ta tuna, da sunan mijin kakar, da cewa daga wajen Haɗeja suka taso. Da na tambaye ta shekarar da suka iso, sai ta ce wadda ta sani ita ce yayarta, kuma ta rasu bara a hanyar gudu daga Sinja.