Takardar Koke a Kan Haƙƙin Matan da Aka Saka

Zuwa ga Mai Martaba Sarkin Sudan na Kontagora,
Alhaji Muhammad Barau Mu'azu na Biyu,
Fadar Sarkin Sudan, Kontagora, Jihar Neja.



Allah ya ja zamanin Sarki, ya ƙara lafiya da nasara. Bayan gaisuwa da ban girma, mu wasu daga cikin matan garin nan ne da aurenmu ya mutu, tare da iyayenmu mata. Mun kawo kukanmu ga magajin Nagwamatse a kan abin da ke faruwa da dukiyar mace da muhallinta ranar da aka miƙa mata takardar saki.

Ranka ya daɗe, gidaje da yawa a Kontagora da guminmu aka gina su. Mace tana cikin gida tana suyar ƙuli-ƙuli, tana tatsar man gyaɗa, tana kiwon awaki, tana zubin adashe. Ranar da kwasa ta zagayo kanta sai maigida ya ce gini ya tsaya, ga damina ta matso. Ta kwance bakin zane ta miƙa masa, a sayo siminti da bandir ɗin kwano a rufe ɗaki. Wata ma ɗan kunnen zinarin da ta gada wurin mahaifiyarta take sayarwa. Daga ita sai shi a cikin ɗaki ake wannan, babu rubutu, babu shaida, kuma takardar fili sunansa kaɗai take ɗauke da shi.

In rabuwa ta zo, kafin la'asar an kira mota an loda gado da katifa da kwanuka. Idan ta kai ƙara, alƙali zai tambaye ta shaidu, domin kawo hujja a wuyan mai da'awa yake, rantsuwa kuma a kan wanda ya musa. Ba ta da kowa. Mijin ya ce kyauta ta ba shi, ko ya rantse bai karɓa ba, shari'a ta ƙare. Bayan 'yan watanni amarya ta tare a ɗakin da aka rufe da kuɗin adashenta.

Ba mu zo neman a raba dukiyar miji biyu ba. Abin da addini ya riga ya ba mu muke nema. Farkon Suratuɗ Ɗalaƙ ya hana fitar da mace daga gidanta tana cikin idda, amma a wurinmu kora ta zama al'ada. Aya ta 241 ta Suratul Baƙara ta ambaci kyautar sallama ga wadda aka saka, yau da wuya ka ji wadda aka ba ko kuɗin mota. A mazhabar Malikiyya da kotunanmu suke bi, uwa ce ke riƙon ɗa namiji har ya balaga, mace kuma har ta tare a gidan miji, ci da sutura da magani suna kan uba. Ga mu da yara a ɗakunan iyayenmu tsofaffi, kuɗin ciyarwa sai a ba da wata ɗaya a yi shiru wata biyar. Jihar Neja ta faɗaɗa aiki da Shari'a tun shekarar 2000, saboda haka bai kamata waɗannan haƙƙoƙi su tsaya a cikin littafi ba.

Wasu ƙasashen Musulmi sun riga mu duba wannan matsala. A Maroko, inda mutanen ƙasar su ma Malikawa ne, wani malami na ƙarni na 16, Ibnu Ardun, ya yi fatawa cewa matar da ta yi wahala wajen tara dukiyar gida tana da rabo a cikinta. Dokar iyali da ƙasar ta fitar a 2004 ta bar wa kowa dukiyarsa, ta ba ma'aurata damar rubuta yarjejeniya a kan abin da za su tara tare, in babu rubutu kuma alƙali ya duba gudummawar kowa. Kotunan Shari'a na Malesiya ma suna raba dukiyar da aka tara a zaman aure.

Saboda haka muna roƙon Mai Martaba abubuwa biyar:

1. A umarci hakimai da dagatai da masu unguwanni su riƙa rubuta duk kuɗin da mace ta zuba a fili ko gini ko jarin miji, a bayyana bashi ne, ko tarayya, ko kyauta, shaidu biyu su sa hannu. Masu cewa rubutu fata ne na rabuwa su tuna gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, kuma aya mafi tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka.

2. A rubuta kayan ɗakin amarya tun ranar jere, kowane ɓangare ya riƙe kwafi.

3. Limamai su yi huɗuba a kan zaman idda da kyautar sallama da ciyar da 'ya'ya, a kuma hana kwashe kayan mace kafin iddarta ta cika.

4. A kafa zauren sulhu a fada wanda zai haɗa da malamai da dattawan mata, domin akwai maganar da mace ba ta iya faɗa a gaban maza zalla.

5. Sarki ya isar da kukanmu ga Alƙalin Alƙalai da Majalisar Dokoki a Minna, a samar da hanyar tilasta biyan kuɗin ciyarwa, har da cirewa daga albashin ma'aikaci, a kuma riƙa sauraren magina da 'yan adashe a matsayin shaidu.

Mun san akwai mazan da suke rabuwa da matansu cikin mutunci, Allah ya saka musu da alheri. Kukanmu a kan sauran ne, kuma a shirye muke mu zo fada mu yi bayani da bakinmu duk ranar da aka neme mu. Muna roƙon Sarki ya duba lamarinmu da na 'ya'yanmu.

Allah ya taimaki Sarki, ya zaunar da masarautar Kontagora lafiya, amin.

Mu ne talakawanka masu biyayya,
Wasu daga cikin zawarawan Kontagora da iyayensu mata.