Gwanin Da Bai Rufe Hannunsa Ba

A birnin New York kaya ba su kai aikin hannu tsada ba. Wannan ne abu na farko da ke ɗaure wa baƙo kai idan ya sauka daga Kano, Maraɗi ko Kumasi. Robar da ke toshe ruwan tankin bayi 'yan daloli ce a shago, amma ka kira mai aikin famfo ya sa maka ita, kuɗin taka ƙafarsa kaɗai sai ya ninka kuɗin robar sau da yawa. Tun ƙarshen 2018 mafi ƙarancin ladan aiki a manyan ma'aikatun birnin ya kai dala 15 a awa ɗaya, a 2024 ya koma 16, wannan kuwa na lebura ne, ba na mai lasisin sana'a ba. A gida kafinta yana bakin layi, makanike ɗan unguwa ne, in abu ya lalace yaro ake aika ya kira su. A nan babu ɗan aike, babu kuma mai ce maka “bar shi kawai, Alhaji, ai an zama ɗaya.” Ko ka biya, ko ka iya da kanka, ko ka zauna da ɓarnarka.

Shi ya sa ba abin mamaki ba ne da sana'ar koyar da mutane ta bidiyo ta yi saiwa da wuri a wannan birni. An kafa YouTube a 2005, Google ya saye shi a 2006 a kan dala biliyan 1.65. A 2007 Jason Liebman da wasu abokan aikinsa suka bar Google suka kafa kamfanin Howcast a Manhattan, suka buɗe wa jama'a shi a farkon 2008. Lissafinsu mai sauƙi ne: kowane mutum yana yawo da ƙananan tambayoyin da yake jin kunyar yi wa ɗan'uwansa. Yaya ake canza tayar mota? Yaya ake ɗinke maɓalli, ko a fitar da tabon mai daga riga? Sai suka riƙa buga bidiyo dubbai, kowane na minti biyu ko uku, duk zubi ɗaya: ga kayan da za ka tanada, ga mataki na ɗaya, ga na biyu, ga 'yar shawara, an gama. A 2015 kamfanin BuzzFeed, mai hedikwata a birnin, ya fito da Tasty, inda hannuwa biyu kawai ake gani daga sama, kafin ka ƙifta ido danyen nama ya zama abinci a faranti.

Sun yi amfani, ba na musu. A 2018 cibiyar bincike ta Pew ta gano cewa kashi 51 cikin ɗari na baligan Amurka masu kallon YouTube sun ce yana da matuƙar muhimmanci gare su wajen koyon yin abin da ba su taɓa yi ba. Amma irin waɗancan bidiyoyi suna da aibi ɗaya da duk wanda ya taɓa riƙe sifana ya sani: komai a cikinsu yana tafiya sumul. Noti ba ya tsatsa, albasa ba ta ƙonewa, zare ba ya tsinkewa. Kai kuma da ka tsuguna gaban naka notin da ya ƙi motsi, sai ka tarar malamin ya riga ya yi sallama.

Waɗanda suka dawwama a zukatan mutane wasu ne daban. Akwai Emily Kim, 'yar Koriya da duniya ta sani da Maangchi, wadda ta fara ɗora girkin ƙasarsu a 2007 tana Kanada, ta ƙaura zuwa New York a 2008, ta ci gaba daga kicin ɗin gidanta da Turancinta mai harshen gida, har mabiyanta suka kai miliyoyi. Amma wanda na fi so mu tsaya a kansa mai gyara ne, sunansa Louis Rossmann.

A da shago gare shi a Manhattan, aikinsa gyaran kwamfutocin tafi-da-gidanka na kamfanin Apple. Ba canza gilashi ko batir kawai ba, a'a, gyaran cikin fanel ɗin kansa, wanda a shagunan kamfanin ba a taɓa shi, sai dai a ce maka ya mutu, ka sayi sabo. Ya haɗa kyamara da madubin ƙara girma da yake aiki da shi, yadda mai kallo zai ga abin da idonsa ke gani. Ga fanel ya cika fuskar waya, ga wurin da ruwa ya taɓa ya yi kore-kore. A gefe ga taswirar hanyoyin wuta. Sai ya ɗora bakin mita a nan, ya faɗi adadin wutar da ya kamata a samu da wanda ya samu, ya ce to matsalar tana tsakanin nan da can. Ya bi layi, ya zargi wani ɗan ƙanƙanin abu da bai kai ƙwayar gero ba, ya narka dalma ya cire shi da hantsaki, ya sa wani, ya kunna. Shiru. Ba ya yanke wurin. Yakan yi tsaki, wani lokaci ya ɗura ashar (bakinsa ba linzami, ba bidiyon da za ka kalla gaban surukai ba ne), ya koma taswira, ya faɗi dalilin da ya sa zatonsa na farko bai yi daidai ba. Bidiyo ɗaya sai ya ci rabin awa ko awa guda, sai can ka ga 'yar fankar ciki ta fara juyawa.

A wurina nan ne karatun yake. Sunan abin da aka canza ba shi ne ilimi ba, don gobe wani ne zai lalace. Ilimin shi ne yadda gwani ke tunani idan zatonsa ya sha ƙasa: ina yake komawa, me yake sake aunawa, me yake cirewa daga zargi. Wannan shi ne abin da yaron shago ke shekara da shekaru yana leƙe ta kafaɗar maigidansa kafin ya tsinta, shi ma in maigidan bai juya masa baya ba. Rossmann ya baje shi a fili kyauta, har ga masu shagunan da ke gasa da shi. Kasuwarsa kuma ba ta mutu ba. Mutane suka riƙa aiko masa da kwamfutoci ta gidan waya daga wasu jihohi, saboda sun ga hannunsa da idonsu, gani kuwa ya kori ji.

A watan Oktoban 2018 gidan talabijin na CBC na Kanada ya kai wata kwamfuta shagon Apple a Toronto da ɓoyayyiyar kyamara. Aka ce musu ruwa ya shige ta, gyara zai ci aƙalla dala 1,200. Suka kawo ta shagon Rossmann a New York, ya buɗe, ya ga wani ɗan siririn ƙarfe ne ya lanƙwashe a mahaɗin wayar gilashin, ya miƙe shi cikin 'yan mintuna, haske ya dawo. Labarin ya zaga duniya. Daga nan mai gyara ya zama ɗan gwagwarmaya, yana zuwa majalisun jihohi yana ba da shaida cewa wanda ya sayi kaya da kuɗinsa yana da haƙƙin samun kayan gyara da takardun bayani. A watan Disamban 2022 Gwamna Kathy Hochul ta sa hannu a dokar haƙƙin gyaran kayan lantarki, New York ta zama jiha ta farko a Amurka da ta yi irinta, dokar ta fara aiki a ƙarshen 2023. Sai dai an rage mata ƙarfi kafin sa hannu, an ba kamfanoni damar sayar da kayan gyara a dunƙule maimakon ɗai-ɗai, shi kansa Rossmann ya fito ya soki hakan. Daga baya ma ya kwashe shagonsa ya koma Austin ta jihar Texas.

Mu dawo kan mutanenmu. Dattawan da suka zo New York tun da daɗewa, 'yan Nijar da suka kasa kaya a titi na 125 a Harlem kafin magajin gari Giuliani ya tashe su a Oktoban 1994, da 'yan zangon Accra da Kumasi da suka cika Bronx har suka kafa masallacin Yankasa, duk abin da suka iya a baki suka koye shi. Bayan sallar isha'i ake tambaya: ina ake neman lasisin tasi, yaya ake cike takardar haraji, wa ya san mai gyaran mota mai sauƙi? Wanda ya riga ka zuwa shi ne makarantarka. In ya faɗa maka daidai ka huta, in ya faɗa maka kuskure ka gaje shi, ka gadar wa na bayanka. Yaran yau waya suke tambaya, kuma sau da yawa amsarta ta fi ta majalisa inganci, ko da dattawa ba za su so jin haka ba.

Annobar korona ce ta jawo dattawan ma cikin ajin. A watan Maris na 2020 aka rufe makarantu da shagunan aski, masu aski ba su buɗe ba sai 22 ga Yuni. Na ga wani maƙwabcina ɗan Damagaram, direban tasi, ya zaunar da ɗansa a kan bokiti a tsakar falo, ya jingina waya da fulas ɗin shayi, injin aski a hannun dama. Ya kalli yadda wani wanzami ɗan Jamhuriyar Dominika ke ɗaga injin daga ƙeya zuwa sama, ya tsayar da bidiyon da ɗan yatsan hagu, ya gwada, ya mayar baya, ya sake kallo. Ba ya jin Sifaniyanci ko kalma ɗaya, hannun kawai yake bi. Yaron yana cewa, “Baba, ka tabbata?” shi kuma yana cewa, “Kai dai daina motsi.” Askin farko sai da hula. Kafin ƙaramar sallah yaran bene biyu a wurinsa suke layi.

Ba kowane abu ne ake koya a haka ba, kuma birnin ya ga iyakar abin da idonsa. Masu kai abinci gida-gida a kan keke mai batir, cikinsu har da matasanmu na Afirka ta Yamma da suka shigo a 'yan shekarun nan, da yawa sun dogara da batura masu araha ko waɗanda aka farke aka sake haɗawa. A 2023 kaɗai gobarar irin waɗannan batura ta kashe mutum 18 a New York, huɗu daga ciki a wata gobara da ta tashi daga shagon gyaran keke a unguwar 'yan Sin a watan Yuni. Ban ɗora wa bidiyo laifin ba. Abin da nake cewa shi ne, intanet cike yake da masu nuna yadda ake haɗa batir a ɗaki, kuma mai bidiyo ba ya jin ƙaurin da ke tashi a naka ɗakin. Batir, bututun gas, wayar wutar gida da magani, waɗannan a bar wa masu lasisi. Ga kuma wata: tun Nuwamban 2021 YouTube ya ɓoye adadin waɗanda suka nuna ba su gamsu da bidiyo ba, alhali da shi mai nema ke saurin gane malamin banza. Yanzu sai ka kalli biyu ko uku ka gwama, ka fifita wanda ya nuna inda abu ke ƙin yi.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne harshe. Je ka kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, za ka tarar da samari suna aikin fanel irin na Rossmann da kayan aikin da ba su kai nasa ba, da yawansu kuma daga bidiyon Indiyawa da 'yan Pakistan suke ƙara sani, suna bin hannu ba tare da jin bayani ba. Hannu suke samu, dalili yana wuce su. Da Hausa kuwa, wa'azi, waƙa, barkwanci da fassarar finafinai sun cika ko'ina. Mata masu girki sun yi ƙoƙari ƙwarai, su ne suka riga kowa, daga alkaki da dubulan har miyar zogale. Amma nemi wanda zai zauna awa guda ya nuna maka da Hausa yadda ake gano cutar injin ban-ruwa, ko haɗa wutar sola, ko yankan babbar riga, ka ga yadda za ka sha nema.

Dalilin ba rashin waya ba ne. Tsohuwar ɗabi'armu ce ta riƙe sirrin sana'a. Maigida yakan aiki yaro sayen ruwa daidai lokacin da za a yi aikin da ke da wuya. Wani ko ɗansa sai ya ga tsufa ya kama shi yake buɗe masa, wani kuma da abinsa ake binne shi. Ina fahimtar tsoron, kowa abincinsa yake karewa. Amma a leƙa marinar Ƙofar Mata, wadda ake cewa ta faro tun 1498, a ƙirga ramukan da ke aiki da waɗanda suka bushe. Atamfar kanti da rinin zamani ne suka kashe kasuwar, ba wani maƙwabci da ya saci sirrin haɗa baba da toka ba. Ɓoyon bai kare kowa ba, abin da ya rage kawai shi ne masu sanin suna ƙarewa.

Don haka kirana ga masu sana'a ne, na Bronx da na gida: makanikan Panteka a Kaduna, maƙeran Katako a Yamai, dukawa, majema, teloli, masu gyaran waya da janareto. Ba a buƙatar situdiyo. Ka ba yaronka waya ya riƙe, ka sa ya matso kusa da hannunka, ka yi aikinka kana bayani da Hausar da kake yi wa almajirinka, da sunayen da kuke kiran kayan a shago. In aikin ya ƙi, kada ka ce a yanke, ka faɗi abin da ka zata da abin da ka tarar. Ka kuma faɗi sunan shagonka da layin da yake, don masu kallo su san inda za su kawo aiki.