Daga Fijo 504 Zuwa 'Yar Kwatano: Motar da Hanyar Rogo Ke Yarda da Ita

A ƙarshen shekarun 1970, idan ma'aikaci a Ƙaraye ko Rogo ya samu bashin mota, ba ya kwana yana saƙa da warwara a kan wadda zai saya. Mai ƙaramin albashi ya ɗauki Baswaja da ake haɗawa a Legas, wanda hannunsa ya ɗan yi kauri kuma ya nufi Fijo 504. Kuɗin ƙarin albashin Udoji sun shigo hannun ma'aikata a 1975, shekarar da masana'antar Fijo ta Kaduna ta fara fitar da motoci. Akwai lokacin da a jirgin sama ake ɗebo sassan daga birnin Lyon na Faransa, a sauke a filin jirgin Kano, a kwashe zuwa Kaduna a haɗa. Da gwamnatin soja ta Obasanjo ta mai da Fijo motar manyan jami'anta, sai ya zamana motar da kwamishina ke shiga ita hedimasta ke burin saya, ita kuma direban tasha ke loda wa fasinja.

Samarin yanzu kallon motar tsofaffi suke yi wa 504, alhali a zamaninta gwanar tsere ce. Ita aka zaɓa motar shekara a Turai a 1969. A 1975 wani direba ɗan Suwidin, Ove Andersson, ya ci gasar Safari ta Kenya da ita, gasar da ake yi cikin taɓo da ƙura da gargada irin tamu. A shekarar dai ta ci gasar Maroko da ta Kwaddebuwa, a 1978 kuma samfurinta mai ƙofa biyu ya sake cin Safari. Abin da ya ba ta nasara a can shi ya sa ta zauna lafiya a nan. Cikinta ya yi nisa da ƙasa, shokozobanta na da dogon zango, in ta faɗa rami sai ta haɗiye shi ba tare da ta girgiza na ciki ba, tayoyin baya ne ke tura ta, injinta kuwa mai kafireto ne, a buɗe yake, duk abin da ya same shi ido na gani. Mutum zai baro Kabuga, ya wuce Janguza yana ƙure maleji a kan kwalta, ya zo ya sauka burji ya ci gaba da tafiya a motar nan guda, iyalinsa na baya, buhun masara na but.

Sai dai ƙarfin 504 bai tsaya a ƙarfenta ba. Mota iri ɗaya ce ta cika ƙasa, saboda haka kowane bakanike ya haddace ta. Yaron gareji kan fara koyon aiki a kanta ya kuma gama a kanta. In fanbel ya tsinke a ƙauye, akwai wanda ke da shi a rataye a rumfa. In abin ya fi ƙarfin nan, direban da ya yi lodin safe zuwa Kano zai biya kasuwar Ƙofar Ruwa ya dawo da shi kafin magariba. Wanda ya sayi Fijo a lokacin, ya sayi wannan jama'a duka tare da ita, ko da bai sani ba.

Daga 1986, da gwamnatin Babangida ta kawo tsarin tsuke bakin aljihu darajar naira ta zube, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci. Sai tsofaffin motocin Turai suka fara kwararowa ta tashar jirgin ruwan Kwatano, wasu su ratsa Nijar su faɗo ta Maraɗi. Masana'antar Kaduna ta ci gaba da haɗa 504 har wajen 2006, amma kasuwa ta riga ta koma hannun 'yan Beljiyam, wato tsofaffin motocin nan na Turai. Zaɓi ya yalwata, ba na musun alherin haka, domin mutane da dama da ba su taɓa mafarkin mota ba sun mallaka. Amma tun daga nan sayen mota ya zama aikin da sai an yi tunani, kuma da yawanmu da ido kawai muke yin tunanin.

Na ga wannan a gidanmu. Ƙanena, malamin makaranta da ke zaune a Ƙaraye yana koyarwa ta wajen Rogo, shi ya gaji 504 ɗin mahaifinmu. Ya riƙe ta iya riƙo, har tsatsa ta cinye ƙasanta, ta koma shan baƙin mai, kayanta na asali kuma suka yi wuyar samu. Wata rana ya ce da ni, "Yaya, na gaji da motar da sai an tura. Ina son wadda in na taka totur za ta amsa, kuma ta ɗauke ni da maiɗakina da yaran nan biyu ba takura."

Wasu dattawa da suka ji, suka ce ƙwalisa ce kawai ta samari. Ban yarda da su ba, har yau kuma ban yarda ba. Duk wanda ya taɓa biyo bayan babbar mota maƙare da rake a siririyar hanya ya san amfanin injin da ke amsawa nan take. Daƙiƙun da za ka yi a hannun da ba naka ba kana ƙoƙarin wucewa su ne mafi haɗari a tafiyar, kuma mota mai kuzari tana rage su. Haka birki mai kamawa da sitiyarin da ba ya lilo, su ne ke tsakaninka da garken shanun da ya ɓullo a kwana. Ban da wannan ma, jin daɗin tuƙi ba laifi ba ne. Mutumin da ya yi shekaru yana tara kuɗi yana da hakkin ya so abin da zai saya. Wasan mota da ake yi a bukukuwa, ana juyi a tsakiyar jama'a, wannan wani abu ne daban, kuma ya ci rayuka.

Dillali ya kawo masa wata ja mai ƙofa biyu, ta kwanta a ƙasa, manyan wili masu ƙyalli da siraran tayoyi. Gaskiya ta yi kyau, kuma da aka tayar da ita ƙarar injin kaɗai ta tara yara. Muka kai ta wurin dattijon bakaniken da ya yi wa mahaifinmu aiki tun muna ƙanana. Bai ko kalli fentin ba. Ya durƙusa a gabanta, ya dunƙule hannu ya tura tsakanin ƙasa da kaskon baƙin mai, da ƙyar hannun ya shige. Ya miƙe ya ce a buɗe gaba. Injin a lulluɓe da roba, ba ka ganin ko filogi. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya juyo ya ce da ƙanena, "Malam, in ta tsaya maka a Fulatan da daddare, wa za ka kira? Ni dai in ka kira ni, zan zo don mutuncin Alhaji, amma tsayawa zan yi ina kallonta tare da kai."

Dillalin ya so ya yi gardama, sai dattijon ya bi abin ɗaya bayan ɗaya. Siririyar taya ba ta da naman da zai tare duka, in ta faɗa rami wilin ne ke karɓa, ya lanƙwashe ko ya tsage, mai facin ƙauye kuma ba shi da abin da zai yi masa, ba shi ma da lambar tayar. Kaskon mai na gorar ruwa ne, in dutse ya same shi ba ya lotsawa kamar na ƙarfe, fashewa yake yi, man ya tsiyaye, kafin direba ya ankara injin ya buga. Irin wannan inji yana son baƙin mai na ƙwarai da fetur mai tsabta, mu kuwa sau da yawa tafiya kan tilasta mana sayen galan a wurin 'yan bumburutu. Ba mu manta da gurɓataccen fetur ɗin da ya shigo ƙasa a farkon 2022 ya lalata motocin mutane ba, kuma wannan a gidajen mai aka sayar da shi.

Ni abin da ya fi tsaya mini shi ne ƙofofin. Wanda ya ƙera motar ya rubuta mutum huɗu, kuma ya yi gaskiya a ƙasarsu. A wurinmu mai mota ba nasa ba ne shi kaɗai. Ranar suna, ranar jana'iza, ranar da za a kai amarya, da shi za a yi lissafi. Wata rana da tsakar dare za a ƙwanƙwasa masa ƙofa, matar maƙwabci naƙuda ta yi tsanani an ce sai Kano. Ta yaya za a kwantar da kujerar gaba a cusa mace a wannan hali ta baya? Ta yaya gyatumarmu mai ciwon gwiwa za ta shiga? Kujerar baya da babba zai zauna ya miƙe ƙafa, da ƙofar da zai shiga da mutuncinsa, su ne ma'aunin mota mai ɗaukar mutum huɗu a Ƙaraye.

Aka mayar wa dillali motarsa, aka shiga neman wata. Golf ce ta fara zuwa baki, don ita ta gaji Fijo a tashoshinmu. Dangin nan na da tarihin gudu, domin Golf GTI da ta fito a 1976 ita ta nuna wa duniya ƙaramar motar iyali za ta iya zama mai zafi. Samfuri na uku, wanda aka fara yi a 1991, ya cika hanyoyinmu, gaba biyu baya huɗu, but a ɗaure da igiya, kuma babu garejin da bai san ta ba. Matsalar ita ce shekaru. Ƙaramar cikinsu ta doshi talatin, kuma samun wadda haya ba ta tatse ba sai an tona. Fijo 406 tana da taushin tafiya irin na gidansu, an kuma haɗa ta a Kaduna, masoyanta a Arewa ba sa jin kira, amma tana son mai rewaya da ya san aikinsa. Honda Accord akwai wuta, sai dai ga mai bin burji kullum ƙafafunta na gaba kan nemi kulawa akai-akai.

Daga ƙarshe Pontiac Vibe ya saya, mai giyar hannu. Sunan na Amurka ne, amma a tsohuwar masana'antar haɗin gwiwar General Motors da Toyota ta Kalifoniya aka ƙera ta, injinta mai lita 1.8 kuma na Corolla ne. Don haka ko da yake an rufe Pontiac tun 2010, kayan injinta na nan jibge a Ƙofar Ruwa, duk bakaniken da ya iya Corolla ya iya ta. Ƙofa huɗu, ga ta baya mai ɗagawa sama, kujerun baya na kwanciya su baje, shimfiɗar but ɗin roba ce mai tauri, ko taki ka ɗauko sai ka share da tsumma. Ba motar tsere ba ce, ba zan ƙara mata gishiri ba. Akwai samfurinta mai suna GT mai giya shida da ya fi ta zafi nesa, amma shi ya fi tsada kuma ya fi tsirfa wajen mai. Wadda ya saya, in ya sauke giya zai wuce tirela, tana tashi yadda yake so, kuma bai taɓa jin cikinta ya daki ƙasa a hanyar makaranta ba.

Abu biyu suka ƙara masa nauyin lissafi, waɗanda mahaifinmu bai san su ba. Na farko takardu. Tun 1 ga Janairun 2017 aka hana shigo da mota ta kan iyakar ƙasa, don haka 'yar Kwatano mai araha da ba ta da sahihin duti tana iya ƙarewa a hannun kwastan. Motocin Amurka kuma da yawa gwanjon haɗari ne ko na ambaliya, an yi musu kwaskwarima an juya maleji. Lambar jikin mota mai harufa da alƙaluma 17 tana tona wannan asiri a intanet, kuma ƙanena ya biya an duba masa kafin ya ba da ko sisi. Na biyu fetur. Daga 29 ga Mayun 2023 da aka janye tallafi, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, ta wuce 1,000 kafin ƙarshen 2024. Shi ya sa za ka ga manyan motoci masu silinda shida ana tallarsu da sauƙi. Masu su ne suka gaji da ciyar da su, kuma malamin makaranta da ya ruɗu da arahar zai ajiye ta a ƙofar gida ya koma kan babur.

Abin da ke damuna yanzu shi ne wanda zai gaji dattijon bakaniken nan. Golf da 406 da Vibe ɗin ma duk tafiya suke yi, motocin da ke tahowa bayansu kuma kwamfuta ce ke sarrafa su, ba a jin ciwonsu da kunne. Dangote da Fijo sun sake fara haɗa motoci a Kaduna a 2022, amma farashinsu ba na ma'aikacin ƙaramar hukuma ba ne, don haka tsofaffin motocin ƙasashen waje za mu ci gaba da saye, kowace da irin nata kan. Duk motar da aka sayar a Amurka daga 1996 tana da wata kafa a ƙarƙashin sitiyari da ake soka na'ura ta faɗi abin da ke damunta. Na'urar ba ta da tsada, har akwai ƙaramar da ke haɗuwa da wayar hannu. Ɗaya daga yaran dattijon ya sayi irinta da kuɗin aljihunsa, yana bin bidiyo a waya yana koyon ma'anar lambobin, har masu motoci daga Kabo da Gwarzo sun fara zuwa nemansa. Shi kaɗai ne na sani a yankin, kuma ba wanda ya koya masa. Ƙaraye da Rogo na da ɗan majalisar tarayya guda da shugabannin ƙananan hukumomi biyu, kuma kuɗin da ake kashewa a rabon babura na rana ɗaya ya isa a tura samarin gareji da dama Kano ko Kaduna su koyo wannan aiki, a kuma sallame su da na'urar a hannu.