A Ga Cuta Kafin A Sha Magani

Manomin kirki ba ya fesa magani a fadamarsa sai ya duba ya ga ƙwaron da ke cin shinkafa. To, don me mu mutanen Tunuga muke yi wa jikinmu abin da ba mu yi wa gona? Da zarar tari ko zazzaɓi ya kama mutum, sai a nufi mai tallar magani a kasuwar Gaya, ko Kamba, ko Malanbil, a sayo kafso a haɗiya, ba tare da an san cutar ba.

Ƙwayoyin cuta ba su ganuwa da ido. Sai a shekarar 1882 wani likitan Jamus, Robert Koch, ya gano ƙwayar tarin fuka da madubin likita. Yau kuma masana suna gwada wata sabuwar dabara. Suna haɗa garin zinariya ko na ƙarfe mai laushin gaske, wanda ko an jera ɗigo 1000 nasa, da ƙyar su kai kaurin gashin kai guda. Nufinsu shi ne garin ya manne wa ƙwayoyin cuta a cikin jiki, yadda in an ɗauki hoto za a ga daidai inda suka ɓuya. Yawancin gwajin a kan dabbobi ake yin sa tukuna.

Amma wani ɓangare na wannan ilimi ya riga ya iso gare mu. Jan layin da ke fitowa a ɗan allon awon zazzaɓin sauro, in an ɗiga jini, irin wannan garin zinariya ne. Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a auna kafin a ba da maganin zazzaɓin sauro.

Kafso ba ya kashe kowace cuta. Shan sa barkatai yana koya wa ƙwayoyin taurin kai, har ranar buƙata magani ya ƙi ci. Ga asarar kuɗi, ga asarar lafiya.

Saboda haka, jama'a, in zazzaɓi ya zo, mu je gidan likita a auna jini. In tari ya wuce mako 2, a auna kaki. Maganin tarin fuka kyauta ne a Nijar, amma sai an sha shi wata 6 cur. Gani ya kori ji.