Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya Mai Kula da Sararin Samaniya

Ya masu girma wakilai da ke zama a birnin Biyana,

Ni malamin makaranta ne, kuma kokena a kan sama yake. Kowace shekara nakan fita da ɗalibaina bayan magariba in nuna musu Zara kusa da jinjirin wata, da Kaza da 'Ya'yanta, waɗanda kakanninmu ke duba su san lokacin damina. Yanzu yaran sun daina bin yatsana. Idonsu na kan ɗigon hasken da ke wucewa ɗaya bayan ɗaya. Na kafa kyamara, na bar ta a buɗe ta ɗauko taurari masu dishi-dishi, sai ga hoton duk zane-zanen fari, kamar kaza ta yi tono a kai. Taurarin ɗan'adam ne. Suna yawo ƙasa-ƙasa, wasu a nisan kilomita 550 kacal, don haka rana na haska su bayan mu ta faɗi mana. Daidai lokacin da yaro bai yi barci ba ke nan. Wa aka tambaya kafin a yi mana haka?

Ba ni kaɗai ba ne. Masanan da ke aiki da manyan madubin hangen nesa a ƙasar Chile sun daɗe suna wannan kuka.

Na san amfanin abin. Ƙauyen da bai taɓa ganin turken waya ba yau yana samun intanet daga sama, kuma Najeriya ce ta fara samun intanet ɗin Starlink na kamfanin SpaceX a Afirka, a 2023. Amma tun da SpaceX ya harba taurari guda 60 a tashi ɗaya a Mayun 2019, lissafi ya kai dubbai. Amazon na da izinin sama da 3,000, Sin na harhaɗa nata ayarin, Ruwanda ma ta shigar da takardar neman gurbin fiye da 300,000 a 2021. Kowa sauri yake ya kama fili saboda ya san ba mai hana shi.

Yarjejeniyar Sararin Samaniya ta 1967 ta ce sararin samaniya na kowa ne. Ƙa'idoji 21 da kuka amince da su a 2019 kuwa shawara ce, wanda ya ga dama ya bi. Ga tarkace kuma: karon taurarin ɗan'adam Iridium 33 da Kosmos 2251 a 2009 ya watsa gutsattsari dubbai, lokacin ma hanya ba cunkoso.

Na ji daɗi da kuka fara tattauna batun duhun sama. Sai dai ku ba kwa yanke magana sai kowace ƙasa ta yarda, kamfanonin kuwa harbawa suke kusan kowane mako. Ina tsoron ihu bayan hari.

Roƙona, ku sa iyaka ga hasken da kowane tauraro zai fitar, ƙasar da ta ba da lasisi ta ɗauki alhakin tabbatarwa kafin a harba, ku kuma tilasta sauko da wanda ya gama aiki cikin 'yan shekaru. Allah ya sa wani ya karanta wannan kafin zamanku na gaba.

Naku cikin girmamawa,
Wani malamin makaranta