Daren da Yaya ta kasa barci

A makon jiya wata yayata ta kira ni da tsakar dare, gumi ya jiƙe mata zani, barci ya ƙaurace wa idonta. Shekara uku ke nan tana shan maganin da likita ya ɗora ta a kai bayan ɗaukewar al'ada, wanda ke maye gurbin sinadarin isturojin da jiki ya rage samarwa. Saƙo ɗaya ta gani a WhatsApp cewa yana jawo kansar mama, ta watsar da shi rana ɗaya.

Tsoron yana da asali. A 2002 an dakatar da wani babban bincike a Amurka kafin wa'adinsa, domin an ga ƙarin kansar mama ga masu shan isturojin haɗe da furojestin. Sai dai saƙon bai faɗa mata cewa matsakaicin shekarun matan binciken 63 ne ba. Nazarin da ya biyo baya ya nuna mace 'yar ƙasa da shekara 60, wadda ba ta da tarihin kansar mama ko daskarewar jini, amfanin maganin yakan rinjayi haɗarinsa a gare ta.

Dainawa ba laifi ba ce, kuma mata da yawa lokacinsu na dainawa yakan zo. Abin da nake ƙi shi ne a yanke shi cikin firgici. Ragewa sannu a hankali, a hannun likita, yana iya sassauta dawowar zafin jiki da gumin dare. Kariyar da maganin ke ba ƙashi ma tana raguwa bayan an daina, kuma wannan ba a jin sa a jiki sai ranar da aka zame a banɗaki.

Yaya ta koma asibiti ranar Litinin. Likita ya mayar da ita kan rabin abin da take sha.